Kwamfutar da Na Zaɓa wa Kawu

A shekarun da man fetur ya yi daraja a kasuwar duniya, har kuɗi suka riƙa gangarowa ƙananan hukumominmu, kwamfuta ta zama kayan falo kamar firji. Kansila ya saya, ɗan kwangila ya saya, dillalin taki ma ya saya. A ɗora ta bisa tebur, uwargida ta lulluɓe ta da leshi, in an kawo wuta yara su yi karta a ciki. Ni a lokacin ina koyar da tarihi a wata sakandare a Kankara, kuma na taɓa yin ɗan kwas na kwamfuta a Zariya. Wannan 'yar takardar shaida ta sa duk mai son saye sai ya biyo ta kaina. Aka daina ce mani malamin tarihi, sai Malam mai kwamfuta.

Tambayar guda ce kullum: memori nawa za a sa mata? Akasarinsu ba su san ko mene ne ba, sun dai ji ana faɗi. Nakan ce masu kamar faifai ne. Hatsinka yana rumbu, amma a faifai ake gyara shi. In faifan ƙarami ne sai ka yi ta ɗiba kaɗan-kaɗan, aikin hantsi ya kai ka la'asar. Iri uku ake yayi a wajenmu: ƙarami mai ɗari da ashirin da takwas, na tsakiya da ya ninka shi, da babba da ya ninka na tsakiya. Masu hali babba nake zaɓa masu, ko da karta kawai za a yi. Ban taɓa zaɓa wa kowa ƙarami ba, sai mutum ɗaya.

Kawuna ne, yayan mahaifiyata. Mai buga tafireta ne a wani ofishin gwamnati a Faskari tun ina rarrafe. Dogo ne siriri, kullum cikin farin kaftani, da biro uku a aljihun gaba. Ba ya duban hannunsa in yana bugu. Yana hira, yana tauna goro, yatsun na ta zuba kamar ruwan sama bisa kwano. Ranar kasuwar Yankara yakan ɗaure tafiretar a bayan babur, ya kafa tebur gindin darbejiya, ya buga wa mutane takardun koke da na neman aiki da na shaidar gona. Turancinsa ya fi na shugabanninsa. Ya san haka, kuma ba ya bari kowa ya manta.

Bakinsa ba shi da kyau. Da na gama kwalejin horon malamai na rubuta takardar neman aiki da hannu, Inna ta ce in kai wa Kawu ya buga mani. Na same shi a kasuwa, mutane sun yi layi. Ya karɓa, ya gyara tabarau, ya soma karantawa da ƙarfi. Duk inda na yi kuskure sai ya tsaya, ya maimaita, ya fassara wa jama'a abin da na rubuta da abin da nake nufi. Ya dubi wani tsoho mai sayar da igiya ya ce, "Baba, kana da ɗa a makaranta? To ka cire shi tun da wuri, ga malaminsu nan tafe." Kasuwa ta ɗauki dariya. Sannan ya zura farar takarda, kafin in haɗiye yawu ya gama, ya miƙo mani ba tare da ya dube ni ba. Da wannan takarda na samu aiki. Tun daga ranar kuma, duk sallar da muka haɗu a gidanmu na Ruwan Godiya, Furofesa yake kirana, a gaban ƙannena, daga baya a gaban matata.

Wata Asabar da hantsi na ji ƙarar babur a ƙofar gidana a Kankara. Shekara goma sha wani abu ina gidan, Kawu bai taɓa taka shi ba. Ya shigo da kwalbar zuma a hannu. Na jawo mashi kujera, ya ce tabarma ta ishe shi. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, abin da bai taɓa yi ba. Sai ya ciro wata takarda daga aljihu.

"An aiko mana da sanarwa," in ji shi. "Za a kwashe tafiretoci. Bayan girbi za a yi mana jarrabawar bugu a kwamfuta. Wanda ya ci ya zauna a kujerarsa, wanda ya faɗi a san inda za a kai shi."

Na ce Allah Ya ba da sa'a.

"Na sayar da bijimina guda. So nake in sayi tawa in ajiye a gida, in koya a ɓoye, kada yaran ofis su ga ina lalube." Ya miƙo takardar. Ya buga lambobin memorin nan uku a jere, kowace da alamar tambaya. "Wani ya ce mani babba, wani ya ce ƙarami ya isa. Ba tsadar ce ta dame ni ba, ko babban ne zan iya. Ban dai son in yi abin da ban sani ba. Malam, kai ka karanci abin nan. Wanda ka ce shi zan saya."

Malam ya kira ni, ba Furofesa ba, kuma babu ba'a a muryarsa. Na dubi takardar na daɗe. Na san irin sabuwar manhajar da aka sa wa kwamfutocin ofisoshi, na san wadda zai koya ke nan, na kuma san ƙaramin memori ba zai iya ɗaukarta ba. Na tsakiya zai yi da ƙyar, babba zai yi sarai. Ba zan ce shaiɗan ya ruɗe ni cikin gaggawa ba. A natse nake, har ina jin ƙamshin zumar.

Na ce, "Kawu, ai rubutu kawai za ka yi. Babban nan na masu zanen gidaje ne da masu haɗa fim. Ƙarami ya ishe ka, har ya yi yawa."

Ya ciro jan biro ya kewaye lambar farko.

Ranar Litinin muka tafi Funtuwa tare. Mai shagon wani dattijo ne mai furfura a gemu. Da ya ji abin da muke so da manhajar da za a sa, sai ya girgiza kai.

"Malam, ƙaramin nan da wannan manhaja jan ciki za ta riƙa yi. Ko na tsakiya ku ɗauka mana."

Kawu ya waiwayo ya dube ni. Na yi murmushi, na matsa kusa da kunnensa na ce, "Ɗan kasuwa ne, Kawu." Abin da yake son ji ke nan, don a duniya babu wanda yake zargi kamar mai shago.

"Alhaji," in ji shi, "ɗana ya ce ƙarami. Shi ya je Zariya ya karanta, ba kai ba. Ba mu ƙarami."

Mai shagon ya ɗaga kafaɗa ya ɗauko. Ni da hannuna na zauna na loda mata kaya: manhajar bugun, da manhajar tsare kwamfuta daga cuta har iri biyu, da wani hoton kifaye masu yawo a allo da na ce wa Kawu ado ne. Duk abin da na san yana da nauyi sai da na ɗora mata. A motar haya da muka shiga zuwa Faskari, ya naɗe allon da bargo ya rungume shi bisa cinya. Duk ramin da muka faɗa sai ya ɗaga shi sama, ya yi wa direba tsawa.

A ɗakinsa muka kafa ta, gefen tafiretar. Matarsa, Hajiya, ta tsaya bakin ƙofa tana kallo. Aka tayar da ƙaramin janareta. Sai da Hajiya ta je ta kawo mana fura ta dawo kafin kwamfutar ta gama buɗewa. Na nuna mashi inda zai shiga, na ja da baya. Ya gyara zama, ya shafa tafukansa, ya saki yatsu kamar yadda ya saba. Ya buga layi biyu, allo fari fat. Ya tsaya. Can sai haruffan suka zubo gaba ɗaya, wasu sun ɓace, wasu sun ninku, don ya yi ta danna su da ya ga ba su fito ba. Mutumin da ake cewa bai taɓa sayen farin ruwan goge kuskure ba, ga shi yana kallon layi biyu da ba su karantuwa.

"Haka take yi?" in ji shi.

"Sai a hankali, Kawu. Kowa da haka ya fara."

Bayan kwana huɗu ya kira ni a waya. Sai ya fita bayan gari ya hau tudu yake samun sabis, ina jin iska na kaɗawa.

"Malam, ka faɗa mani gaskiya. Ni ne, ko ita ce?"

"Kawu, kwamfuta ba ta kuskure. Abin da aka ba ta shi take bayarwa."

Sai ya ce, "To yaya zan yi?"

"Hannunka ya saba da ƙarfe. Ka manta da duk abin da ka iya. Ka buga kalma ɗaya, ka ɗaga hannu, ka dubi allo, in ta fito ka buga ta gaba. Haka ake yi a ko'ina."

Ya yi mani godiya, ya sa mani albarka.

Da yamma na kai labarin majalisarmu, inda malamai ke zama bayan la'asar. Na tashi tsaye na kwaikwaye shi: in danna iska da yatsa ɗaya, in ɗaga hannuwa sama kamar wanda 'yan sanda suka tare, in leƙa. Aka yi ta dariya har wani ya ƙware da shayi. Wasu a cikinsu Kawu ya taɓa buga masu takarda, wasu ya taɓa yi masu irin abin da ya yi mani. Kullum sai an ce in maimaita.

Damina ta wuce yana wannan aiki. Wata rana Hajiya ta zo biki Kankara, ta biyo gidana. Ta ce tun daga sallar asuba yake zama gabanta har lokacin ofis, in ya dawo ya sake zama. Ya rame. Ya daina zuwa Yankara, wai kada tafireta ta ɓata mashi sabon hannu. Ya ma kulle ta a akwati.

"Jiya na shiga na same shi yana marin bayan hannunsa," in ji ta. "Wai hannun ne ke gudu. Don Allah, Malam, ka je ka duba mashi. Ko wani abu ne ya lalace a ciki?"

A aljihun teburina, taku uku daga inda take zaune, akwai babban memori sabo, naɗe a takarda, wanda ya rage daga aikin wani ɗan kwangila. Tsawonsa bai fi biro ba. A kwance noti biyu, a soka shi, shi ke nan. Na ce mata lafiyar kwamfuta lau, tsufa ne, a yi ta yi mashi addu'a. Na sa matata ta zuba mata kuka da daddawa ta tafi da su.

Ranar jarrabawa ban je ba, wani abokina da ke aiki a ofishin ya ba ni labari. An jera sababbin kwamfutoci masu gudu, aka ba kowa shafi guda ya buga cikin ƙayyadadden lokaci. Matan da Kawu ya koya wa tafireta da hannunsa suka yi ta kwararawa. Shi kuwa ya buga kalma ɗaya, ya ɗaga hannu, ya dubi allo. Kalmar ta riga ta fito tun kafin ya ɗaga, amma sai ya jira, don haka ya horar da kansa wata da watanni. Mai kula da jarrabawar, wata mata sa'ar 'yarsa, ta zo ta tsaya a kansa ta ce, "Baba, ci gaba mana, me kake jira?" Ya gwada sakin hannu irin na da, yatsun suka sarƙe. Lokaci ya cika bai kai rabin shafi ba. Aka liƙa sakamako a allon sanarwa, sunansa ne na ƙarshe. Kafin wata ya ƙare aka tura shi garin Sabuwa, ɗakin ajiyar fayil, inda babu abin bugawa.

Na ji daɗi. Ranar da na ji labarin na tsaya wurin mai tsire na yi wa gida tsaraba. Daɗin ya kai mako guda, sannan ya dushe, ban kuma ji wani abu ya maye gurbinsa ba.

Damina ta zagayo, Inna ta aiko mani cewa Kawu na nemana a Sabuwa. Na hau babur, hanya duk taɓo, sau biyu ina sauka ina turawa. Na same shi a ɗakin haya guda, katifa a ƙasa, kwamfutar bisa tebur. Ashe ya tafi da ita. Bai yi doguwar gaisuwa ba. Ya fita ya tayar da janareta, ya dawo ya danna. Kafin in gyara zama ta buɗe.

"Maƙwabcina ma'aikacin asibiti ne, yana taɓa gyaran irin waɗannan," in ji shi. "Ya ji ina faɗa da ita, ya shigo ya kwance bayanta. Ka san abin da ya yi? Dariya. Ya ce wa ya haɗa ni da wannan? Ya je ɗakinsa ya ɗauko wani ɗan abu ya soka." Ya buɗe tafin hannunsa, ga ƙaramin memorin da na zaɓa mashi. "Wanga ya cire."

Na duba, na gane shi.

"Abu biyu ne, Malam. Ko ka sani ka yi, ko ba ka sani ba. In ka sani, gobe zan je Ruwan Godiya in faɗa wa uwarka abin da ta haifa, daga nan ba ni ba kai har gaban Allah. In kuwa ba ka sani ba, wannan wata magana ce daban. Wanne ne?"

Na tuna Inna, da hawan jininta, da yadda take tashi tsaye in yayanta ya shigo. Na ce, "Wallahi ban sani ba, Kawu."

Ya dube ni, ya daɗe yana dubana. Ya san ƙarya nake, na san ya sani.

"Alhamdu lillahi," in ji shi. "Ashe jahilci ne kawai."

Ya jefa memorin a aljihun gaba, tare da birorinsa. A nan memorin ya zauna shekaru. Duk inda Kawu ya je sai ya ciro shi: a kasuwar Yankara, a ɗaurin aure, a zaman makoki, a cikin motar haya. Ya ɗaga shi sama ya ba da labarin tun daga zuma har zuwa Sabuwa, bai rage komai ba, har faɗuwarsa jarrabawa. Bai taɓa cewa na cuce shi ba. Cewa yake, "Yaron kirki ne, zuciyarsa fara ce. Ilimin ne babu. Zariyar ma ina jin a tasha ya tsaya." Mai shagon Funtuwa ya tabbatar wa duk wanda ya tambaye shi cewa ya yi mana gargaɗi na ƙi ji.

A shekarar aka kawo wa makarantarmu kwamfutoci, aka ware masu ɗaki, kowa ya san ni za a ba. Shugaban makarantar ya kira ni ofis, yana ta juya biro, ya ce ya ji wani labari a wurin biki, kuma kayan gwamnati ne, ba a wasa da su. Aka ba wani malamin lissafi da ni na koya wa riƙe linzamin kwamfuta. Masu saye suka daina biyowa ta kaina. 'Yan majalisar da suka yi dariyar Kawu suka koma yin tawa. Ɗalibai suka laƙaba mani Ƙaramin Memori, na gan shi rubuce da alli a bayan ƙofar aji.

Hanya ɗaya ce zan wanke kaina daga jahilci, in ce da gangan na yi. Kawu ya san haka sarai. Duk sallar da muka haɗu a Ruwan Godiya, sai ya bari an taru a zaure, an kawo tuwo, Inna na jin mu daga tsakar gida, sannan ya ciro abin ya ajiye kusa da kwanona.

"Ko dai ka sani ne, Malam? Faɗi gaskiya, nan duk gida ne. In ka sani ka faɗa."

"Ban sani ba, Kawu."

"Ɗaga murya, Baba na can bai ji ba."

"Ban sani ba."

"Kun ji ko? Bai sani ba." Sai ya tura mani naman da ke kwanonsa, ya ce in ci, karatu da wuya.

Sau nawa na faɗi wannan magana a gaban 'ya'yana, ban ƙirga ba. Shi ma bai sake komawa kujerarsa ba. A ɗakin fayil ya yi ritaya, kuma ko da ya dawo Faskari bai sake kafa tebur a kasuwa ba.

Daga baya ciwo ya kayar da shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace. Inna ta ce in je in gaishe shi. A hanya na shirya abin da zan faɗa, na yi ta maimaita shi bisa babur tun daga Kankara. Na same shi kwance a tabarma a inuwar ɗaki, hannun daman ajiye bisa ciki kamar ba nasa ba. Hajiya ta shimfiɗa mani buzu, ta koma madafa ta bar mu mu biyu.

Na gaishe shi. Na ce an yi ruwa sosai a Kankara, dawa ta yi kyau, masara ce dai ke son taki. Idonsa na kaina. Na ce hanyar Yankara ta ƙara lalacewa. Sai bakinsa ya soma motsi. Da ƙyar sautin ke fita, yawu na bin gefen gemunsa, amma na ji abin da yake tambaya, kalma uku ce, "Ko ka sani?" kuma wannan karon babu kowa a wurin da zai yi wa wasa da ni. Ya sake faɗi. Ya ɗago hannun hagu ya kama bakin rigata.

Na juya wajen madafa na ce, "Hajiya, kamar ruwa yake so."

Ta kawo a moɗa, ta tallafi kansa. Ya kawar da fuska, ruwan ya zube a wuyansa. Na zare rigata daga hannunsa, na yi masu sallama, na ce ina son in wuce kafin hadari ya haɗu.

Bayan kwana tara ya rasu. Ni na shiga kabarin tare da babban ɗansa muka karɓe shi.